Wace Damisa Ce a Littafin Yaronka?

A cikin dukkan rubuce-rubucen da nake ba ɗalibaina su fassara, babu wanda yake tona asirin mai fassara kamar littafin yara mai hotunan namun daji. Jawabin shugaban ƙasa yana da wurin ɓuya: idan kalma ta gagara, sai a kewaye ta da doguwar jimla, mai karatu ya wuce bai lura ba. Littafin yara kuwa ba ya barin wannan kafa. Hoto ya cinye yawancin shafin, a ƙasansa jimla biyu ko uku, dabbar kuma tana tsaye tana kallonka, dole ka kira ta da sunanta. In ka kira ta da na wata, yaron da ke koyon karatu zai haddace kuskuren tare da haruffa, ya girma da shi. Shi ya sa nake so mu ɗan tsaya a kan waɗannan ƙananan littattafai, musamman masu magana a kan dabbobin da ke farauta, domin a nan ne harshe da al'ada da ilimin halitta suka fi yawan yin karo.

Al'adar haɗa hoto da suna don koyar da yaro tsohuwa ce a Turai. A 1658 wani malami mai suna Comenius, mutumin yankin da yake ƙasar Cek a yau, ya fitar da littafin Orbis Pictus, wanda ake lissafa shi cikin na farko-farkon littattafan yara masu hoto. A cikinsa an jera tsuntsaye da dabbobi, kowanne da lamba, lambar tana kai yaro ga sunan abin. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, jikokin wannan littafi ne suka iso mana. A 1931 Paul Faucher ya kafa jerin littattafan Père Castor a kamfanin Flammarion na birnin Faris, kuma daga 1934 suka fara fitar da labaran rayuwar dabbobi da zanen Rojankovsky, kamar na kurege da zomo da agwagwar daji. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Gallimard ya zo da jerin Mes premières découvertes, masu shafukan leda garai-garai da yaro ke ɗagawa ya ga abin da ke ƙarƙashi, ya kuma haɗa gwiwa da Dorling Kindersley na Ingila wajen manyan littattafai masu hotunan kyamara a kan farar takarda. Irin waɗannan ne ake tararwa a ɗakunan karatu na makarantu da kan tabarmar masu sayar da tsoffin littattafai a Yamai da Maraɗi da Damagaram.

Ban zo in kushe su ba, don kuwa aiki ne na ƙwararru. Nagartaccen littafi irin wannan yana koya wa yaro kallo. Zai nuna masa cewa idanun dabbar da ke farauta a gaban fuska suke, don ta auna nisan abin da za ta kama, alhali na barewa suna gefe da gefe, don ta hango wanda ke zuwa ta baya. Zai nuna masa fiƙoƙi da farata, ya bayyana masa aikin kowanne. Yaron da ya saba da wannan ya fara tambayar dalilin abubuwa ke nan, wadda ita ce ƙofar kimiyya. Sai dai an rubuta su ne don yaron Faris ko na Landan. Dabbobin gidansu su ne kan gaba, kuma idan aka ƙetaro Afirka, Afirkar Kenya da Tanzaniya ce. Ƴaƴana sun iya faɗin loup da ours da tigre tun kafin su taɓa jin kalmar sayaki. Wata rana ƴata, tana ajin farko-farko na firamare, ta nuna mini hoto ta ce, "Baba, mene ne sunan guépard da Hausa?" Na ce mata rabbi. Ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce ai Rabi ƙawarta ce. Sai da na maimaita mata, ina nauyaya baƙin b ninki biyu, sannan ta yarda cewa kalma ce daban. Kalmar tana cikin ƙamus, dabbar tana cikin ƙasarta, amma yarinyar da Hausa ce harshen uwarta ba ta taɓa jin ta a bakin kowa ba.

Mu fara da suna, tunda shi ne matsala ta farko. An taɓa kawo mini wani ɗan littafi da wata ƙungiya ta ɗauki nauyin fassara shi daga Faransanci don in duba. Shafi uku a jere, dabbobi uku mabambanta, amma duka an rubuta damisa a ƙasansu. Ta farko ita ce damisar gaskiya, mai roɗi-roɗin da suka yi zobe-zobe, gajerun ƙafafu, da ƙarfin hawa itace da naman da ta kama. Ta biyu rabbi ne: siriri, dogayen ƙafafu, ɗigon jikinsa baƙi ne cikakke ba zobe ba, ga baƙin layi ya gangaro daga kowane ido zuwa gefen baki kamar sawun hawaye. Damisa maharbiyar dare ce mai kwanton ɓauna. Rabbi da rana ya fi yin farauta, kuma gudu ne makaminsa, yana kaiwa wajen kilomita 100 a awa a ɗan gajeren zango. Ta uku kuwa ba ta ma cikin dajin Afirka: ƙatuwar dabbar nan ce ta Asiya mai ratsi-ratsi, wadda Faransawa ke kira tigre. Bahaushe bai taɓa zama da ita ba, don haka bai raɗa mata suna ba. Mai fassara yana da zaɓi biyu masu mutunci, ko ya ari sunan ya daidaita shi da bakin Hausa, ko ya siffanta ta, ya ce damisar Asiya mai ratsi. Abin da ba shi da ikon yi shi ne ya bar yaro ya ɗauka cewa dabba guda ce ke sauya riga daga shafi zuwa shafi.

Kerkeci ma yana da nasa labarin. A tsoffin ƙamusoshi, irin na Bargery na 1934, kerkeci shi ne karen dajin Afirka mai dabbare-dabbaren jiki da manyan kunnuwa kewayayyu, wanda ke farauta a ƙungiya, yana bin dabba da gudu har ta gaji. Amma da yake da wannan kalma ce masu fassara ƙissar Annabi Yusuf suke fassara zi'ib na Larabci, sai ta zama ita ce ake ba loup na Turai ma. Yau idan ka ce kerkeci, yawancin yaranmu dabbar ƙasashen ƙanƙara suke hangowa, mai asalin sunan kuwa ya kusa ɓacewa daga Afirka ta Yamma. Ga wani abin mamaki kuma: binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa dilan da ya fi yawa a Sahel da arewacin Afirka, wanda aka daɗe ana haɗa shi da dilan Asiya, ya fi kusanci da loup. Ke nan dabbar da muke kira dila ta fi wadda muke kira kerkeci kusanci da abin da littafin Faransanci ke nufi. Wannan ba dalili ba ne na a sauya sunayen. Dalili ne na mai fassara ya duba hoton da kyau, ya san wace dabba ce a gabansa, kafin ya buɗe ƙamus.

Haka abin yake ga tsuntsaye. Hausa ta bambanta shaho da shirwa da gaggafa da mikiya da ungulu, amma fassarar gaggawa takan tattara su duka ta ce mikiya ko shaho. Shirwa ita ce mai wutsiya mai baki biyu da ke shawagi a kan gari da mahauta, wadda karin magana ta ce kaza mai ƴaƴa ke gudunta. Gaggafa kuwa baƙa ce mai jar fuska da jajayen ƙafafu, wutsiyarta gajeriya ƙwarai, tana tafe a sama tana karkata fikafikai hagu da dama. Mikiya a ƙamus babbar ƴar'uwar ungulu ce, mai cin mushe, ko da yake a bakin mutanen yau ta zama sunan aigle ta jikin tambarin ƙasashe da rigunan ƴan ƙwallo. Littafin yara shi ne wuri mafi dacewa da za a dawo da waɗannan bambance-bambance, domin hoto yana nan yana ba da shaida.

Matsala ta biyu ita ce sunan rukunin gaba ɗaya. Faransanci yana da prédateur, kalma guda. Hausa tana da hanyoyi da yawa, kuma kowace tana ɗauke da wani ra'ayi. Naman daji, in ka duba kalmar da kyau, kallon maharbi ce: dabba tana raye, an riga an kira ta nama. Miyagun namun daji hukunci ne, an yanke wa dabba laifi tun kafin yaro ya san ta. Abin dariya ma, wanda Bahaushe ya laƙaba wa mugun dawa shi ne gadu, mai cin ciyawa da saiwa. Mafarauci, wanda aka ƙera daga farauta da ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i, yana da kyau a nahawu, amma kunnen Bahaushe mutum yake ji da kare da gora. Ni na fi karkata ga dabbobi masu farauta, ko maciya nama idan ana maganar abinci. Suna da ɗan tsawo, amma sun faɗi abin da dabbar ke yi ba tare da sun zage ta ba.

Jinsi a nahawu ma yana shiga cikin ilimin da yaro ke ɗauka. Ɗalibi ya san ƙa'idar cewa yawancin sunaye masu ƙarewa da wasalin a mata ne, amma dila da kada maza ne: dila ya zo, kada ya nutse. Zaki namiji ne, macensa zakanya. To, a garken zakoki zakanyu ne ke yin yawancin farauta, a haɗe, wasu su kewaye, wasu su laɓe. Idan mai fassara ya bi al'ada ya rubuta zaki ya kama a kowane shafi, alhali hoton yana nuna dabba marar geza, ya karyata hoton ke nan da ɗan ƙaramin wakilin suna. Kura kuwa, nahawu ya yi mata daidai ba da niyya ba. Mace ce a Hausa, sai an ce kure ake nufin namiji, kuma a dangin kuraye mata ne suka fi girman jiki, su ne kuma ke shugabanci. Sai a kula da rubutu: littafin da aka buga a ƙasar waje, inda na'ura ba ta da haruffa masu lanƙwasa, yana iya mayar da ƙurar da kura ta tayar ta zama wata kurar.

Kura ce ta fi kowace dabba ba ni aiki a aji, saboda yaron Bahaushe ba ya zuwa wurinta da farar zuciya. Tun yana kan cinyar kakarsa ya san ta: makwaɗaiciya, matsoraciya, wawuya, kullum Gizo yana yi mata wayo. Karin magana ta ƙara mata kaya, ba a ba ta ajiyar nama, ta san gidan mai babbar sanda, ita ke shan bugu gardi yana kwashe kuɗi. Zaki kuma manyan dawa ne, dila malamin daji, damisa ƙi sabo. Wannan taska ce ta adabin baka, kuma ba na son ko ɗaya daga ciki ya ɓata. Sai dai kurar tatsuniya mutum ce da aka sa wa fatar kura don a yi wa mutane hannunka mai sanda. Kurar daji wata halitta ce daban. Hans Kruuk, wanda ya shafe shekaru yana bin kuraye dare da rana a Serengeti da Ngorongoro na Tanzaniya, ya nuna a littafinsa na 1972 cewa yawancin abin da suke ci su suka kashe da kansu, kuma a Ngorongoro sau da yawa zakoki ne ke zuwa su ƙwace musu. Wadda ta fi dogara da mushe ita ce sayaki, mai ratsi da dogon gashi a gadon baya, wanda Hausa ta riga ta ba shi sunansa daban. Duk lokacin da na faɗi wannan, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ke nan tatsuniya ƙarya take yi?" Amsata ita ce tatsuniya da kanta takan rufe da shaida wa masu sauraro cewa ba gaske ba ce. Aikinta gyaran hali. Littafin halitta aikinsa nuna abin da ke akwai. Yaro yana buƙatar su duka biyu, kuma yana da wayon da zai raba su, muddin marubuci bai cakuɗa masa su a shafi ɗaya ba.

Nahawun Hausa yana taimakawa wajen wannan rabuwa. Tatsuniya tana tafiya da shuɗaɗɗen lokaci na biyu: sai kura ta tashi, sai suka tafi. Bayanin halitta kuwa lokaci sabau da lokaci mai ci suka fi dacewa da shi: kura takan fita da dare, tana jin warin nama daga nesa. Da yaro ya ji takan, ya san ana gaya masa ɗabi'ar dukkan kuraye ne, ba labarin wata kura guda ba. Littafi mai kyau yana iya amfani da duka biyun, ya ba da ɗan labarin farauta guda a shafin dama, ya yi bayani a shafin hagu, amma mai fassara ya san inda ya tsallaka daga wannan zuwa wancan.

Inda Hausa ta fi nuna arzikinta shi ne aikatau da amsa-kama. Fassarar da ba ta da rai takan ce dabba ta kai hari ko ta kama, ta maimaita haka daga bango zuwa bango. Amma shirwa sura take yi, ko ta fyauce. Damisa takan saɗaɗa, ta laɓe, ta daka tsalle, ta shaƙe wuya. Mesa tana nannaɗewa, ta matse, ta haɗiye. Kada yana fako a bakin ruwa, ya cafke, ya ja zuwa zurfi. Kyanwa tana dako a bakin rami. Kowane aikatau a nan darasin kimiyya ne a dunƙule, domin ya faɗi yadda dabbar ke samun abincinta. Kwatanta waɗannan biyun. Na farko: zaki yana kai hari da sauri a kan abin farautarsa. Na biyu: zakanya ta laɓe cikin gamba, ta yi tsit, mariya ta sunkuya shan ruwa, sai wuf, ta dira a kanta. Yaro ɗan shekara bakwai zai nemi a sake karanta masa na biyun, kuma a karo na uku shi zai riga ka faɗin wuf. Tsit da wuf da caraf da sululu ba ado ba ne a irin wannan rubutu. Gajeru ne, suna da sauƙin haɗa baƙi da wasali, ga su kuma suna sa yaro ya ji cewa harshen da ke cikin littafi shi ne na tsakar gidansu.

Yawancin waɗannan kalmomi ba a ofis na same su ba. Wani tsohon maharbi a wani ƙauye kusa da dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi, shi ya fi ƙamus amfanar da ni. Na tambaye shi, "Baba, da me kuke bambanta sawun damisa da na kura?" Ya shafa ƙasa da tafin hannu, ya zana biyu, ya ce, "Malam, damisa tana ɓoye farcenta in tana tafiya, kura ba ta iya ɓoyewa. In ka ga sawu da tsinin farce a gaba, ba damisa ba ce." Abin da ya faɗa shi ne abin da littattafan Turai ke bayyanawa da zane da kibiyoyi, shi kuwa ya faɗe shi a jimla biyu da yaro zai riƙe. Ya ƙara da cewa rabonsa da ganin sawun damisa tun yana saurayi, kuma jikokinsa ba su tambayarsa irin wannan. Mutanen da suka san waɗannan sunaye da idonsu tsofaffi ne, kuma ba su da magada a wannan sani.

Hoto ma fassara yake buƙata. Zakin littafin Turai yana da geza har ƙirji, yana bin jakin dawa mai ratsi a fili fetal. Babu jakin dawa mai ratsi a dajin Afirka ta Yamma. Zakinmu gezarsa ba ta kai ta na gabas ba, wani ma kusan babu, garkensa ƙarami ne, kuma abincinsa ɓauna da gwanki da kanki da mariya da gadu. A rabe-raben da masana suka yi a 2017, an sa shi rukuni ɗaya da zakin Afirka ta Tsakiya da na dajin Gir na Indiya, ba da na Kenya ba. Mai zanen da zai yi wa yaranmu aiki ya kamata ya san siffar kuka da marke da ƙirya da kalgo, ya san launin gamba da kaka da launinta da bazara. Idan yaro ya ga itacen da ya sani a bayan dabbar, zai gane cewa maganar ƙasarsu ake yi. Idan bai gani ba, zaki zai zama masa kamar dodon talabijin, abin da ke can wata duniya.

Sai maganar jini. Littattafan Turai da yawa suna kawar da kai a daidai lokacin kamu: a wannan shafi ana gudu, a na gaba zaki yana barci da cikakken ciki. Yaronmu ba ya buƙatar wannan kara. Ya ga an yanka ragon layya, ya ga shirwa ta sure ɗan tsako a gabansa, ya san daga inda nama yake zuwa. Ba sai an cika masa shafi da hanji ba, amma a gaya masa gaskiya. Gaskiyar kuma ta haɗa da cewa mafi yawan farautar zaki ba ta yin nasara, cewa rabbi yakan rasa abin da ya kama a hannun kura ko zaki, cewa mai farauta ma yana kwana da yunwa. Ta haɗa har da abin da ɗan makiyayi ya sani sarai, wato kura da dila suna cin akuya, kuma asarar akuya ba wasa ba ce a gidan talaka. Littafin da ya ɓoye wannan, ɗan makiyayi zai ajiye shi, ya san ba da shi ake ba. Wanda ya faɗe shi kuwa ya sami damar faɗin na gaba: gubar da ake zubawa a mushe don kashe kura ba ta zaɓe, tana kashe ungulu da dila da karen gida, kuma garin da ya rasa ungulu mushensa a fili zai ruɓe. Haka mujiya, wadda baƙin jininta ya zama abin misali, ake jifa in an gan ta, alhali ɓerayen da ke ɓarnar rumbu take ci dare da dare.

Abin da ya sa nake ganin maganar ba ta jira shi ne dabbobin da kansu suna ƙarewa. Binciken da Philipp Henschel da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa zakokin da suka rage a Afirka ta Yamma duka kimanin 400 ne, manyan cikinsu ba su kai 250 ba. Kusan kashi 90 cikin 100 suna cikin gandun dajin W da Arli da Panjari, wanda ya haɗa Nijar da Burkina Faso da Benin, ragowar kuma a Niokolo-Koba ta Senegal da Kainji da Yankari a Nijeriya. Ɓangaren Nijar na W, wanda ya samo sunansa daga lanƙwasar da kogin Kwara ya yi kamar wannan harafi, ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 1996, amma rashin tsaro na ƴan shekarun nan ya sa kai ƴan makaranta can ya zama abu mai wuya. Rabbin hamada, mai hasken fata, ƴan kaɗan ne suka saura a wurare irin su duwatsun Tarmit, inda aka kafa gandu a 2012. Yaron Yamai yana iya ganin zaki da kura a keji a gidan tarihi na Bubu Hama. Yaron Tasawa ko Mirya, littafi ne kaɗai zai nuna masa su. Idan dabba ta bar daji, sunanta kuma ya bar baki, karin maganar da ke ɗauke da ita sai ta zama kwanon da babu tuwo: ana faɗa, ba a san abin da ake nufi ba.

Ba daga kan faƙo za mu fara ba. A ƙarshen shekarun 1940 Rupert East da Abubakar Imam sun fitar da Ikon Allah a Zariya, inda suka bayyana halittu iri-iri da Hausar da har yau take da daɗin karatu, suka tabbatar da cewa harshen yana iya ɗaukar ilimin halitta. A Nijar an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, kuma kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Matsayi irin wannan a takarda yake tsayawa idan yaro ya buɗe jakarsa bai tarar da abin karantawa ba. A intanet akwai African Storybook da StoryWeaver, waɗanda ke ba kowa izinin fassara littattafansu da buga su kyauta, kuma akwai na Hausa a cikinsu. Ƙofa a buɗe take ga duk ɗalibin da ke da waya da haƙuri.

Saboda haka ga aikin da nake ba ku, ku ɗalibai, a wannan hutu. Kowa ya nemi tsoho ɗaya a garinsu, maharbi ko makiyayi ko masunci, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya nemi izini, sannan ya tambaye shi dabbobi da tsuntsaye masu farauta da ya sani. Kada ku ba shi suna ku ce ya tabbatar; ku bar shi ya faɗi nasa, ya siffanta, daga baya ku nuna masa hoto. Ku rubuta sunan yadda ya furta shi, da jinsinsa da jam'insa, da karin harshen garin, Gobiranci ne ko Adaranci ko Damagaranci, domin abin da wani gari ke kira kada wani kado yake cewa. Ku rubuta aikatau ɗin da ya yi amfani da shi wajen faɗin yadda dabbar ke kamu, da sunan kukanta, da shekarar da ya yi mata ganin ƙarshe in ya tuna. Sannan ku zaɓi dabba ɗaya ku rubuta mata jimla goma, ku karanta wa ƙaninku ko ƙanwarku. Inda yaron ya tsaya ya tambaye ku ma'ana, ku sa alama. Inda ya ce a maimaita, ku sa wata. Da waɗannan alamomi biyu za mu fara darasi idan an dawo.